Zanzibar da iyali: arewa ko gabas, kuma yara su taɓa kunkurun ko a'a?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar. In Allah ya yarda dogon hutun yara na watan Agusta nake so in kai iyali, ni da maiɗakina da yara, da Hajiyata idan ta amince. Yaran ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Babbar, Ummi, dabbobi ne suka dame ta. Ta ga bidiyon wata tana iyo a tsakiyar kunkurun ruwa tana ba su ciyawa a baki, tun ranar ba ta bar ni na huta ba. Tambayata biyu ce: wane ɓangaren tsibirin ya fi dacewa mu sauka, kuma waɗanne wuraren dabbobi ne suka cancanci kuɗin mutum?

Anti Mai Atamfa: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Nungwi, kada ka tsaya dogon lissafi. Can ƙuryar arewacin tsibirin take, kamar awa ɗaya da rabi a mota daga filin jirgi. Yashi fari tas, ruwa kuma duk lokacin da ka fito yana nan. Kendwa maƙwabciyarta ma haka. Tafkin kunkurun da Ummi ta gani ma a Nungwi yake, da ƙafa za ku taka.

Baban Ummi: Anti, me kike nufi da ruwa yana nan? Teku kuma tafiya yake yi?

Malamin Jogirafi: Yana tafiya kuwa Alhaji, kuma ita ce maganar da ya kamata a fara yi wa duk ɗan arewa kafin ya biya kuɗin otal. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kwana guda, kusan awa shida yana kawowa, awa shida yana komawa. Wata ne ke jansa, rana na ɗan taimakawa. A gabashin tsibirin, wato Paje, Bwejuu, Jambiani da Matemwe, ƙasan ruwan a shimfiɗe yake ba gangara. To in ya janye sai ya yi nisan kilomita ɗaya ko fiye, ba abin da ya rage a gabanka sai jiƙaƙƙen yashi da kududdufai da kwale-kwale a zaune a ƙasa. Nungwi da Kendwa gaɓarsu tana da gangara, shi ya sa janyewar ba ta nunawa sosai.

Lokacin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. In yau ruwa ya cika da ƙarfe 10 na safe, rana ita yau ƙarfe 10 ɗin nan ne zai fi janyewa. Mu masu lissafi da watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi: tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, su ne ranakun da cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa.

Ɗan Damagaram: Malam ya yi bayani daidai, amma ya sa abin ya fito tamkar aibi ne. Ni a wurina janyewar ita ce kallon. A Jambiani na sauka. Da ruwa ya fara ja sai ka ga mata suna fitowa daga cikin gari ɗaya bayan ɗaya, da zannuwansu na kanga da buhu a hannu, suna kutsawa cikin ruwa iya idon sawu har su zama 'yan ɗigo-ɗigo can nesa. Gonaki gare su a cikin teku. Turaku ne aka kakkafa layi-layi, an ja igiya tsakaninsu, a jikin igiyar an ɗaɗɗaure 'yan rassan wata ciyawar ruwa da suke kira mwani. Mace za ta zauna dirshan cikin ruwan, ta kwance wadda ta isa cira, ta gutsuri reshe ta sake ɗaurawa a igiya, sauran ta cusa a buhu. Kafin ruwa ya dawo ta jawo buhun zuwa tudu, a shanya a kan ganyen kwakwa. Mako shida take yi ta isa girbi. 'Yan kasuwa ke saye a fita da ita waje, ana tace wani abu mai kauri daga cikinta da ake sawa a man goge baki da askirim. Tun 1989 ake noman nan a ƙauyukan gabas, kuma akasari mata ne. Abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba, ga shi ruwan bakin gaɓa ya ƙara zafi yana kashe irin da ya fi daraja, har wasu sun koma shukawa a wuri mai zurfi, dole sai da suka koyi iyo da girmansu. Yaron da ya tsaya kusa da matar nan minti goma ya ga abin da babu shi a kowane otal.

Anti Mai Atamfa: Haba ɗan uwa. Mutum ya tashi tun daga Kano ya biya kuɗin jirgin mutum shida don ya je kallon noma? Yara ruwa suke so. Ka fito da su da hantsi ka ce musu teku ya tafi sai la'asar, kai za ka rarrashe su?

Ɗan Damagaram: Anti, su yaran sun fi mu son lokacin da ya tafin. Kududdufan nan cike suke da 'yan ƙaguwa da ƙananan kifi. Kuma yaron da bai iya iyo ba, ruwa iya gwiwa shi ne daidai da shi.

Maman 'Yan Biyu: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma da Hajiya a tafiyar shi ne kan gaba. Mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne, a cikin gari ba za ka ga abin da zai dame ka ba, kiran salla ko'ina, mata da hijabi, yara da allo. Amma bakin ruwan Nungwi da Kendwa wata duniya ce daban. Turawa ne kwance a rana kusan tsirara, mashaya a jere, ga kiɗa. Kendwa har wani casu suke yi na dare duk sanda wata ya cika. Ni da mahaifiyata na je, baiwar Allah kanta a ƙasa ta wuni tana salati. Jambiani ma akwai baƙi, ba a ce babu ba, amma gaɓar doguwa ce, kowa yana samun inda zai raɓa. Ga Maman Ummi kuma: ki ɗinka ko ki sayi rigar iyo mai rufe jiki tun daga gida, mai sauƙin bushewa. Kada ki shiga da doguwar abaya, in ta sha ruwa nauyi take yi ta naɗe ƙafa. Abinci kuma na gari halal ne, manyan otal ne kawai sai kun tambaya, don wasu suna dafa naman alade saboda baƙi.

Inna Zango: Daga Kumasi nake gaishe ku. Ɗana Baban Ummi, in ka taɓa ganin tekun Ikko ko namu na Ankara, cire wannan hoton daga ranka. Namu igiya ce mai dukan ƙirji, tana iya ɗauke babba. Can gabashin Zanzibar akwai shingen murjani can ciki da ya tare igiyar, za ka hango farin kumfa a layi ɗaya inda take fashewa, abin da ya iso gaɓa kuwa ruwa ne kwance. Sai dai abu biyu. Na farko takalmi. Kowa ya sa takalmin roba mai kama ƙafa, har Hajiya, saboda akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya tana laɓewa a gindin duwatsu. In ta soki mutum ƙayar karyewa take a cikin nama. Mutanen wurin ƙaron ɗanyar gwanda suke shafawa, amma rashin takawar ya fi. Na biyu, in kun bi ruwa ciki lokacin da ya janye, ku san ƙarfe nawa zai dawo. Ba ya sallama. Kana tsaye a busasshen wuri sai ka waiwaya ka ga ya riga ya zagaye ta bayanka.

Admin: Kafin a yi nisa, Baban Ummi, ka fara da takardu. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 1964, bizar Tanzaniya ake nema. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar ba a ba shi a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun da wuri an tantance, kuma tana iya ɗaukar makonni. Kada ka yanki tikiti marar canji kafin ta fito. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora ta dala 44, ko da kana da taka. Katin rigakafin shawara na kowa ya kasance a hannu. Leda kuma an haramta ta a ƙasar, kada Hajiya ta ƙulla yaji da kuka a baƙar leda. Agusta lokaci ne mai kyau, ba ruwan sama sosai, ba zafi. Manyan ruwansu Maris zuwa Mayu ne. Sai dai iskar kudu tana kaɗawa a watannin nan, jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kamar awa biyu, yana iya jijjiga mutum har amai. Da tsohuwa gara ku bi ta Addis Ababa ku sauka kai tsaye a tsibirin.

Inna Zango: Mu dai masu fasfon Ghana ba ruwanmu da biza, a yi haƙuri.

Likitan Dabbobi: Ni maganar Ummi ce ta tsaya mini. Alhaji, kunkuru iri biyu ne a tafiyar nan, kada a haɗa su. Akwai na tudu, ƙattai, a wani ɗan tsibiri da ake kira Changuu, minti 20 zuwa 30 a kwale-kwale daga tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town. Turawa suna ce masa tsibirin kurkuku saboda an gina gidan yari a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cutar shawara aka mayar da shi. Kunkurun ba 'yan asalin wurin ba ne, gwamnan Ingila na Seychelles ne ya aiko da guda 4 kyauta a 1919. Suka hayayyafa har kusan 200 a 1955, sai mutane suka dinga sacewa suna sayarwa, a 1996 guda 7 suka rage. Daga nan aka killace su aka fara tsaro. Namiji babba yana kai kilo 250, wasu an rubuta shekarunsu da fenti a ƙoƙon bayansu, za ka ga mai shekara fiye da 100 yana tauna ganye a hankali. Wannan ku je, yara za su ji daɗi. Kada dai kowa ya hau bayansu, ƙoƙon nan ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa, yana jin nauyi.

Na bidiyon kuma na teku ne. Shi ne ba na ba da shawarar a shiga ruwa da shi.

Alhaji Na Kwari: To fa, an zo wurin. Likita, ku 'yan boko kun cika tsirfa. Ni na shiga, jikokina sun shiga, mun ba su ciyawa, sun ci sun ƙoshi, ba wanda ya mutu. Kunkurun nan da ba don tafkin ba da tuni suna cikin tukunya. Masunci ya kama shi a raga, ya kawo a ba shi ɗan wani abu maimakon ya yanka. Kuɗin daga ina yake fitowa? Daga aljihun irina da ke biya ya shiga. In kowa ya bi shawararka ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu, wa zai ciyar da su?

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce kuma ban musa ba. Akwai tafki a Nungwi da mutanen gari suka kafa tun 1993 don haka ɗin: a karɓi wanda raga ta kama, a yi jinyar mai rauni, a kula da ƙwai, sannan duk shekara a watan Fabrairu a saki waɗanda suka warke. Biyan kuɗin shiga irin wannan wuri taimako ne. Amma da aka ga abin yana kawo kuɗi, sai wasu wuraren suka buɗe waɗanda ba jinya suke ba, tara dabba kawai suke don a yi hoto. Wanda na shiga, ba zan faɗi suna ba, mutum ya fi ashirin a cikin ɗan rami ɗaya, man kariya daga rana da suka shafa yana yawo a saman ruwa, wani saurayi ya kama ɗaya ta ƙoƙo ya ɗago shi sama matarsa tana ɗauka, dabbar tana ta fafutuka da hannuwa. Kunkurun teku da huhu yake numfashi, sai ya leƙo sama ya shaƙi iska. Ka riƙe shi, ka hana shi abin da yake so ya yi a lokacin. Kuma da ya saba hannun mutum abinci ne, yana cizo, bakinsa kuwa kaifi gare shi. Ga ƙwayar cutar gudawa da irin waɗannan dabbobi ke ɗauke da ita a jiki, yaro ya taɓa ya kai hannu baki.

Abin da zan ce wa Baban Ummi: a ƙofa ka tambaye su yaushe suka saki na ƙarshe, kuma guda nawa. Mai yin aikin gaskiya da murna zai ba ka amsa har ya nuna maka littafi. Ummi ta tsaya a kan dakali ta jefa musu ciyawar, za su taso har gabanta.

Alhaji Na Kwari: Yarinya ta ga ana iyo, ka ce ta tsaya a dakali. Kai ba ka da 'ya mace ne?

Likitan Dabbobi: Ina da su Alhaji, shi ya sa.

Maman 'Yan Biyu: Ni ina bayan Likita a nan, amma don wani dalili daban. Waɗannan samarin bakin ruwa masu bin mutum da tallan yawo, in suka ga yaro sai su tsamo tauraron teku, wani ja mai ƙafa biyar, su ɗora masa a tafin hannu a yi hoto a ba su na goro. Da yamma sai ka gansu zube a yashi sun bushe. Halittar a cikin ruwa take numfashi. Na hana nawa karɓa, suka yi fushi, da na nuna musu matattun suka yi shiru. Yara suna ganewa in an nuna musu, mu manya ne ke da taurin kai.

Anti Mai Atamfa: To dolfin fa? Kada ku ce shi ma haramun ne, don shi ne abin da ya fi burge ni a duk tafiyar.

Malamin Jogirafi: Ba wanda ya isa ya ce haramun, Anti, amma labarinsa ya fi na kunkuru sarƙaƙiya, kuma a nan hujjar Alhaji ta fi ƙarfi. A Kizimkazi, can kudancin tsibirin, da farautar dolfin ake yi, ana cin nama ana kuma sa shi a ƙugiya don kama manyan kifaye. A shekarun 1990 da baƙi suka fara biya a kai su kallo, masunta suka ga rayayye ya fi matacce kuɗi, farautar ta mutu. Wannan yawon buɗe ido ne ya yi shi, ba wa'azi ba. Matsalar yadda ake kallon ne. Da an hango su sai kwale-kwale masu inji su yi ca a kansu, kowane direba yana so ya sha gabansu, yana ihu wa fasinjojinsa su yi tsalle. A faɗa ruwa, dolfin su nutse, a hau a sake bi. Masu bincike sun bibiyi na wurin, suka ga in jirage sun yi yawa lokacin hutunsu yana raguwa, musamman mata masu shayarwa. Shi ba kifi ba ne, haihuwa yake yi ya ba da nono. Akwai direbobin da aka horar, masu rage wuta su bi ta gefe su jira. Sai ka faɗa tun a tudu cewa ba ka son a kora, kuma ka yarda watakila daga nesa za ka gani.

Anti Mai Atamfa: Gaskiya namu korar aka yi. Amma wallahi da suka ɓullo su biyar a jere kusa da jirgi, ana jin fitar numfashinsu fus, fus, ni dai tasbihi na kama.

Inna Zango: Ko kora ko ba kora, yaro ba ya shiga kwale-kwale sai da rigar da ke hana nutsewa, daidai jikinsa, a ɗaure. Ka duba da idonka kafin ka biya. In suka ce tana cikin jirgi, ce a fito da ita. A watan iska kuma ni ba zan kai ƙananan yara kudu ba sam.

Ustaz Na Zariya: Wanda ya je Kizimkazi don dolfin kawai ya dawo ya yi asara. A Kizimkazi Dimbani akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin mihrabinsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Yana cikin mafi daɗewa a gaɓar gabashin Afirka, kuma har yau ana salla a ciki. An sake gina shi daga baya, amma rubutun na asali ne. Hajiya za ta fi son wannan da duk wani kifi.

Alhaji Na Kwari: Yauwa Ustaz, tunda ka fito. Mu Malikawa ai duk abin da ke cikin teku halal ne, ko ba haka ba? Har kunkurun da ake ta lallaɓawa.

Ustaz Na Zariya: Haka ne a mazhaba Alhaji, hadisin sananne ne, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Don haka ƙaguwa da jatan lande da mai hannu takwas ɗin nan da suke gasawa da dare a filin Forodhani na tsohon gari, wanda ransa ya karɓa ya ci. Amma halaccin nama bai ba da izinin wahalar da dabba ba, wadda ta ɗaure kyanwa ai ba cin ta ta yi ba. Kunkurun teku kuma dokar ƙasar ta hana kama shi. Abin sha'awa, a tsibirin Misali kusa da Pemba, ɗaya tsibirin Zanzibar da ke arewa, da aka rasa yadda za a hana masunta jefa nakiya a ruwa, malamai da limamai aka sa suka karantar da su ayoyin amana da hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma an ga canji.

Likitan Dabbobi: In ƙara kan ta Ustaz, ko doka ba ta hana ba kada wanda ya ɗanɗana. Naman kunkurun teku wani lokaci yana ɗauke da dafi, ba a gane shi da ido ko ƙamshi, dafuwa ba ta kashe shi, kuma ba shi da makari. A watan Maris na 2024 a Pemba yara 8 da babba 1 suka rasu bayan sun ci, aka kwantar da mutum 78. A 2021 ma an rasa mutum 7 a can. Yara ya fi kamawa.

Alhaji Na Kwari: Inna lillahi. Wannan kam ban da ja.

Ɗan Damagaram: Duk an bar babban wurin. Baban Ummi, in wuri ɗaya tak za ka kai mai son dabbobi, dajin Jozani ne. Kan hanyar gabas yake, kilomita 35 daga tsohon gari, daga Paje kuwa 'yar tafiya ce. Shi kaɗai ne gandun dajin ƙasa a tsibirin. Akwai biri a ciki da babu irinsa ko'ina a duniya sai a Zanzibar, ƙidayar da aka fitar a 2017 ta nuna ba su kai 6,000 ba. Ba jan birinmu na dawa ba ne. Bayansa ja, kafaɗa baƙa, ciki fari, ga wani farin gashi tsaye a ka buzu-buzu, leɓe da hanci ruwan hoda. Ka dubi hannunsa da kyau, yatsa huɗu ne, babban yatsan ɗan dungu ne kawai. Wata uwa ta zauna a reshe saman kaina da jariri maƙale a cikinta, tana tsinko ɗanyen ganye tana ci, tana jefo mini kara a ka, ko kallona ba ta yi ba. Ba sa roƙo, ba sa fizge jaka.

Baban Ummi: Wato ba irin gwaggon birin Yankari ba, da suka taɓa kwashe mana burodi ta taga.

Likitan Dabbobi: Ko kusa. Dalilin kuwa cikinsu ne. Tumbinsu ɗaki-ɗaki ne irin na masu tuƙa, ganye da ɗanyen 'ya'yan itace yake narkarwa, nunannen abu mai zaƙi yana ɓata musu ciki. To ayabarka ba ta gabansu, kuma kada a ba su. Wani abin mamaki, suna cin gawayi. Ganyen mangwaro da na wata bishiyar baƙuwa da suke so yana da sinadari mai cutarwa, gawayin ke tsotse shi, har wurin masu ƙona gawayi suke zuwa su ɗauka. Ƙa'idar wurin: a bar tazarar mita 3, kuma mai mura kada ya matsa, suna ɗaukar cutar mutum. Ku je da sassafe kafin motocin baƙi su cika. Tikitin ya haɗa da ɗan jagora da kuma gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙaguwa na ta shiga rami.

Alhaji Na Kwari, ga wurin da ya haɗa maganata da taka. Manoman kewayen da can kashe birin suke yi don yana musu ɓarna. Yanzu ana raba kuɗin shiga da ƙauyukan, an yi tudun rage gudu a titin saboda motoci suna take su. Baƙo ya biya, biri ya rayu, kuma ba wanda ya taɓa shi.

Alhaji Na Kwari: Biri ai ko an ce ka taɓa ba za ka so ba. Kunkuru daban. Ni dai jikokina sun yi iyo sun ji daɗi, ban fasa ba.

Admin: Alhaji da Likita, kowa ya faɗi tasa, a bar wa mai tafiya ya zaɓa. Abu ɗaya da ke sa mutane rasa jirgi: agogon Swahili daga fitowar rana yake farawa. Ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. In mai kwale-kwale ya ce ku haɗu ƙarfe uku, 9 na safe yake nufi. Ku sa ya nuna muku a waya. Kuma suna gaban Najeriya da awa biyu.

Baban Ummi: Allah ya saka wa kowa da alheri, na samu fiye da abin da na tambaya. Mun zauna da maiɗakina mun karanta tare. Jambiani za mu fi daɗewa, daga nan mu je Jozani da masallacin da Ustaz ya faɗa. Sai mu kwana a tsohon gari mu tsallaka Changuu, mu kai Hajiya gonar kanumfari da kirfa, wannan ne ma ya sa ta fara sauraro. Nungwi wuni ɗaya, mu je da safe mu dawo. Zan yi tambayar da Likita ya ce a ƙofa. Dolfin mun ajiye sai yara sun iya iyo. Maganar shiga ruwa da kunkuru kuwa ban faɗa wa Ummi ba tukuna, uwarta na bar wa.

Anti Mai Atamfa: Wuni ɗaya a Nungwi, Allah ya kyauta. Za ka dawo ka ba ni labari. Ka dai tsaya har faɗuwar rana, gabas ba su da ita. Ka kuma leƙa inda ake sassaƙa jiragen katako a bakin ruwa, yaranka maza za su so.

Ɗan Damagaram: Takalman roba ka saya a kasuwa tun a gida, can farashin baƙo za a yi maka.

Amaryar Bana: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Mu Pemba muke tunani, an ce ba cunkoso, kuma wai akwai wasu manyan jemagu masu jan gashi da fukafukinsu ya wuce mita ɗaya da rabi. Likita da gaske ne? Kuma daga Unguja, wato babban tsibirin, jirgin sama ya fi ko na ruwa?

Likitan Dabbobi: Da gaske ne amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. A Pemba kaɗai ake samunsu. Sun kusa ƙarewa saboda ci, 'yan ɗaruruwa suka rage, ƙauyuka suka hana harbinsu a inda suke kwana, yanzu sun haura 20,000. Ku tambayi Kidike, kusa da Chake Chake. Ta ruwa kuma sai wanda ya bi hanyar ya amsa miki, ni ta sama na je, kamar rabin awa.